Takun Farko Na Asuba

A littattafanmu, in ana son jarumi ya kwanta ciwo, hawan jini ne ko ciwon zuciya, sai kuwa haɗarin mota. Da wuya ka ci karo da wadda dunduniya ta hana sakat. Alhali mu da muke wuni tsaye gaban allo, kan daɓen siminti, da silifas shafal, mun san ciwon nan kamar yunwar cikinmu. Haka ma ma'aikatan jinya da masu tuyar ƙosai.

Da asuba yake gaisuwa. Kana sauke ƙafa daga gado, sai ka ji kamar ka taka ƙusa. Ka ɗingisa zuwa wajen buta, bayan ɗan taku ya lafa, ka ce ai ya wuce. Ka zauna ka daɗe, ka miƙe, ga shi nan. A gida kowa da fassararsa: sanyi ne, ko kuma an taka wani abu a hanya.

Masu gashin ƙashi sun yi mana bayani mai sauƙi. Akwai wata jijiya mai faɗi da kauri da ta taso daga ƙashin dunduniya zuwa gindin yatsu, ita ke riƙe da lanƙwasar tafin ƙafa kamar tsirkiyar baka. Nauyi da yawan tsayuwa suna gajiyar da ita daidai inda ta kama ƙashi. Cikin dare takan tsuke, sai takun farko ya fizge ta ba sallama. Ɗan tsinin ƙashin da hoto ke nunawa, wanda ke tayar mana da hankali, mutane da yawa suna da shi ba su jin komai.

Mun je da tsammanin allura, aka ba mu aikin gida. Kafin ƙafa ta taɓa ƙasa, ka ɗora ta bisa gwiwa, ka ja yatsu baya har ka ji jijiyar ta miƙe, ka riƙe daƙiƙa 10, ka maimaita sau 10, sau 3 a rana. Ka dafa bango ka miƙar da sha-raɓa. In wutar lantarki ta yi mutunci, ka mirgina gorar ruwa mai ƙanƙara a ƙarƙashin tafin. Daga baya a ƙara da ɗage a bakin dandamali, da tawul a naɗe ƙarƙashin yatsu, ana hawa a hankali ana sauka a hankali.

Nan ne yawancinmu ke karaya, don sauƙin watanni yake ɗauka, wani har ya kusa shekara. Mako biyu ba a ga canji ba, sai a koma wa man zafi. Abin da ya fi mana wuya ma shi ne daina yawo ba takalmi a tsakar gida. Har yau wasunmu takalmi mai tudun dunduniya a gindin gado yake kwana, kusa da tocila.