Yadda A Ke Jawo Hankalin Majiyyaci Ya Gyara Cimarsa

Cikin al'adun ɗan Adam babu mai wuyar bari kamar ta abinci, gama abin da harshe ya saba da shi tun daga ƙuruciya ba ya sakinsa don tsawar rana ɗaya. Mai hawan jini ya kan je asibiti, a auna shi, a ce ya rage gishiri, in ya ƙi ɓarin jikinsa na iya shanyewa. Ya ce to, ya koma gida, ya ci miyar da ya saba. In ya komo a yi masa faɗa, kunya ta kama shi, daga nan ya ɗauke ƙafa. Sai ranar da ya faɗi a ɗauko shi ranga-ranga.

Wani masanin halayen mutane na ƙasar Amurka, William Miller, ya lura da irin wannan wajen mashaya giya. Ya ga in an matsa wa mutum da gargaɗi, sai ya shiga kawo hujjar kare halinsa, yana faɗi yana ƙara gaskata kansa. A 1983 ya rubuta bayanin wata hanya dabam. A 1991 shi da Stephen Rollnick suka buga littafi a kanta, daga baya ta shiga sha'anin ciwon sukari, da ƙiba, da hawan jini. A kan ce da ita hirar ƙarfafa niyya.

Tushenta shi ne, kusan kowane majiyyaci zuciya biyu gare shi: ɗaya na son lafiya, ɗaya na son daɗin baki. In malami ya ɗauki gefen lafiya, majiyyaci sai ya riƙe ɗaya gefen. Saboda haka malami ya kan danne ɗokinsa na yin gyara, ya bar mai ciwo ya furta dalilan da bakinsa, domin mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo.

Kayan aikin huɗu ne: tambayar da ba a amsa ta da i ko a'a, da yaba ƙoƙarin da mutum ya riga ya yi, da maimaita masa maganarsa don ya tabbata an ji shi, da tattara zancen a ƙarshe.

Ga misali. Malamin asibiti ya ce wa dattijo, "Baba, yaya cimarka ta ke daga safe zuwa dare?"

Dattijo ya ce, "Ɗana, miya in ba gishiri ai ruwa ce. Ga shi kuwa tukunya ɗaya a ke yi wa gida duka. Amma ina tsoron abin da ya sami wana, shekara uku yana kwance."

Malami ya ce, "Watau ba ka son takura iyali, ba ka kuma son su yi jinyarka kamar yadda a ka yi tasa. To, daga 0 zuwa 10, ina niyyarka ta rage gishiri ta tsaya?"

Ya ce, "Kamar 4."

Malami ya ce, "Me ya sa ba ka ce 1 ba, Baba?"

Nan hikimar ta ke. Da ya ce don me bai kai 10 ba, da dattijo ya jero uzurori. Yanzu kuwa sai ya shiga ambaton 'ya'yan da bai aurar ba, da gonarsa, da son zuwa masallaci da ƙafarsa.

Bayan haka malami ya nemi izini kafin ya ba da ilmi. In an yarda, ya bayyana cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya kai giram 5 na gishiri a yini, watau kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma sinadarin da ke ta da jini yana cikin dunƙulen magi da kanwa. Sa'an nan ya tambaya, "Wanne ka ga za ka iya?" Mai yiwuwa dattijo ya ce zai daina barbaɗa gishiri a akushi, ya kuma roƙi uwargida ta rage dunƙule ta ƙara daddawa. Alkawarin ƙarami ne, amma nasa ne, shi ya sa ya fi saurin cika shi.

Kada a ɗauka hirar nan ta maye gurbin magani. Wanda likita ya rubuta wa ƙwayoyi lalle ya ci gaba da sha. Ba kuwa wayo ba ce, gama in mutum ya ce bai shirya ba, a kan sallame shi da mutunci don ya ji daɗin komowa. Matan gida da 'ya'ya masu jinyar iyaye su ma suna iya aiki da ita: su rage gori, su yawaita tambaya da saurare. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.