Libarba, Farin Ƙyalle da Birnin Maƙera

Da yawanmu da ke karatu a Jami'ar Birmingham kullum sai mun wuce ta gindin doguwar hasumiyar agogon nan, Old Joe, amma kaɗan ne suka taɓa tambayar ko wane ne Joe. To, Joseph Chamberlain ne, uban jami'ar na farko, wanda ya riƙe muƙamin Sakataren Mulkin Mallaka daga 1895 zuwa 1903. Yana kan wannan kujera sojojin Lugga suka ci Kano a Fabrairun 1903, suka ci Sakkwato a Maris. Ita kuwa ƙaramar bindigar da hafsoshin Ingila na zamanin ke ɗaurawa a ƙugu, libarba ƙirar Webley mai harsashi shida, a garin nan aka ƙera ta, a titin Weaman, ba nisa da Edgbaston.

Ni a wurin kawuna na fara ganin libarba, lokacin yana hafsan 'yan sanda a Zariya. Ranar da zai goge ta, daga bakin ƙofa yake bari in leƙa. Da farko ya zazzage harsasai, ya ƙirga, ya ɗaga bindigar ya hango haske ta kowane rami. Sannan ya kashe fanka, ya zauna kan tabarma, ya shimfiɗa farin ƙyalle cikin faranti mai baki. Duk abin da ya cire sai ya jera daga dama zuwa hagu, in zai mayar ya faro daga hagu. Sukurori sun yi kama da juna amma tsawonsu ya bambanta, don haka kowanne kusa da abin da ya ɗaure yake ajiye shi. In ya zo kan sifirin, sai ya cusa hannayensa cikin farar leda, don in ya yi tsalle ya faɗa ciki. Abin da ba ya bukatar kwancewa kuwa ba ya taɓa shi. Yakan ce da ni, "Yaro, babban ƙarfe ba ya ɓata, ƙaramin ne ke mayar da bindiga sanda."

Sai da na zo nan na gane cewa a kan wannan tarbiyya aka gina sana'ar garin. A unguwar maƙera bindiga, Gun Quarter, bindiga ɗaya kan bi ta hannaye da dama: wannan bututu, wancan kunama, wani ƙota, yara na kai-kawo da kayan tsakanin shaguna. A 1813 majalisa ta kafa gidan gwajin bindigogi a titin Banbury, inda ake jarraba bututu a buga masa hatimi kafin ya shiga kasuwa, kuma gidan na aiki har yau. Kakanninmu ba jarumtaka suka rasa ba, maƙeranmu ma ba basira suka rasa ba. Sun haɗu ne da mutanen da suka mai da awo da gwaji doka.

Babu ɗayanmu da zai goge libarba a ƙasar nan, don tun 1997 aka haramta mallakar irinta, bayan kisan 'yan makaranta a Dunblane a 1996. Madalla da hakan. Amma ku tuna injinan da ke jibge a asibitocinmu, da rijiyoyin burtsatse da suka daina ba da ruwa. Sau nawa aka ce wani ɗan abu ne ya ɓata wajen gyara, shi ke nan aka rufa da tamfol?

'Yan'uwa, za mu koma gida da takardun digiri, wasu injiniyoyi, wasu likitoci. In har akwai abin da Birmingham za ta rama mana da shi, to mu ɗauki wannan ɗabi'a: a ƙirga kafin a kwance, a jera, a rubuta, a gwada kafin a miƙa wa jama'a. Allah Ya mai da mu gida lafiya.