Dala da Waƙafi

A Zangon Sokode aka haife ta, kuma a gaban tiren goron mahaifinta ta fara lissafi. Can da dala ake ƙirga sefa: faran 5 dala ɗaya ce, faran 100 dala ashirin. In baƙo ya yi ciniki da Faransanci, kafin ya rufe baki ta raba kuɗin gida biyar ta faɗa wa Baba da Hausa. Saboda haka da ta ce ilimin haɗa magunguna take son karantawa a Jami'ar Lome, babu wanda ya zaci lissafi ne zai tsaya mata a gaba.

Shekarar ƙarshe ta lise a Dapaong ta yi ta, wajen gwaggonta, bayan doguwar tafiya ta Kara da Mango. Ƙofar jami'a ita ce jarrabawar BAC ta rukunin D, inda lissafi yake da nauyi ƙwarai. Gwajin farko ta sami 7 bisa 20. Logaritim ya zame mata baƙon harshe, ta rasa abin da ya haɗa shi da magani. Ta ɓoye takardar a ƙarƙashin katifa, don ta san goro nawa aka sayar kafin a biya mata kuɗin makaranta.

Wani dare na hunturu zazzaɓi ya kama ɗan gwaggon. A kantin magani aka tambayi nauyinsa, aka ce kilo 12. Mai maganin ya lissafa farasitamol a gabanta: miligiram 15 ga kowane kilo, ya zama 180, kwalbar tana da miligiram 120 a cikin mililita 5, don haka mililita 7,5. Ya danna alƙalami a kan waƙafin, ya ce, "'Yata, ki kula da wannan. In ya ɓace, kin ba yaro ninki goma."

Daga ranar ta sauya karatunta. Kowane darasi sai ta nema masa kwalba. Maganin da rabinsa ke barin jini duk awa 4, bayan awa 12 kashi ɗaya cikin 8 ne ya rage. In kuma aka tambayi yaushe zai koma kashi ɗaya cikin 10, logaritim ne ke ba da amsa. Bayan sallar asuba takan warware tambayoyin shekarun baya da agogo a gefe, kurakuranta kuma ta ware musu littafi na daban, tana komawa kansu kowace Lahadi. Maki ya hau zuwa 10, sannan 13.

Ana jibi jarrabawa ta kira Sokode, ta gaya wa mahaifinta labarin bakwai ɗin da ta ɓoye. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Da na sani, da ban yi barci ba. Yanzu dai ki ƙirga a hankali, kamar canjin mutane ne a hannunki."