Gurbin Gwaggo a Majami'a

Ɗan'uwa cikin Almasihu, ranar Lahadi mai zuwa in ka shiga majami'a, ka dubi sashen mata, layin gaba inda tsofaffi kan zauna. Mai yiwuwa akwai gurbin da ya daɗe babu kowa a cikinsa. Ka san mai shi?

Na tambaye ka ne domin ni ban tambayi kaina da wuri ba. Gwaggona, yayar mahaifina, ita ce mai ɗaga waƙa a Zumuntar Mata, ta haddace waƙoƙi har da lambobinsu. Da kullen korona ya zo a 2020 aka ce tsofaffi su zauna gida, ta zauna. Aka sake buɗe majami'u, ba ta koma ba. Mijinta ya riga ya rasu, 'ya'yanta suna birni suna aiko da kuɗi, mu kuwa muka ce hutawa take yi. Tuwo ba ta rasa ba. Abin da ta rasa shi ne mai zama ya yi mata tambaya, ya kuma jira amsa.

Bayan kusan shekara biyu na je gaishe ta. Ta kira ni da sunan mahaifina, ta tambaye ni har sau uku ko an gama girbi. Da ta tashi kawo mini ruwa, sai na ga tana dafa bango tana jan ƙafa.

Kada ka yi saurin cewa tsufa ne kawai. Tsayuwar mutum daram aikin haɗin kai ne: ido, da cikin kunne, da tafin ƙafa suna aika saƙo, ƙwaƙwalwa ta haɗa, tsokar cinya ta riƙe jiki. Wadda ba ta da inda za ta je ba ta tafiya, sai tsoka ta saki. In ta yi tuntuɓe sau ɗaya, tsoron faɗuwa ya ƙara zaunar da ita, zaman kuma ya ƙara mata rauni. Ga shi ƙashin mace kan rage ƙarfi bayan ta daina al'ada, har faɗuwa ɗaya a tsakar gida ta iya karya ƙugu. Haka ma tunani. Hira tana sa mutum ya tuna suna, ya bi zance, ya nemo amsa. Lahadi, da ranar zumunta, da ranar kasuwa su ne ke raba wa tsohuwa kwanaki. In suka kau, jiya da yau sai su cakuɗe. Lamarin ya kai har Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti a kan kaɗaici a Nuwamba 2023.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne raɗe-raɗin unguwa. Domin tana magana ita kaɗai da dare, wasu, har da masu zuwa sujada tare da mu, suka fara ambaton maita. Mu muka bar ta ba abokin magana, sa'an nan muka tuhume ta don ta yi wa bango magana.

Ka tuna da Hannatu a Luka sura 2, gwauruwa ce, tsohuwa tukuf, amma Haikali ne wurin zamanta, cikin jama'a, kuma da ta ga jaririn ta gane shi. Ubangijinmu ma, yana kan gicciye, ya danƙa mahaifiyarsa ga almajirin da yake ƙauna, shi kuwa ya kai ta gidansa.

Mun kai Gwaggo asibiti, aka ga jinta ya ragu ƙwarai, abin da ba wanda ya lura da shi. Yanzu mata biyu daga zumunta suna zuwa kowace Laraba, su riƙe hannunta su zaga gida, jikanta kuma yana kai ta sujada. Ba ta dawo yadda take ba, har yanzu takan manta sunana. Amma ranar da aka ɗaga wata tsohuwar waƙa, mawaƙa suka tsallake baiti na uku, Gwaggo ce ta ɗaga murya ta komo da su.