Motar gado a Ingila, motar aiki a gida

Maƙwabcina a nan Ingila, wani dattijo da ya yi ritaya, yana da mota ƙirar MGB wadda ya gada daga mahaifinsa. Kujeru biyu ne kacal a cikinta, ba ta ɗaukar buhu, ba ta ɗaukar iyali. Duk ranar Asabar za ka same shi a gareji shi da jikansa, hannu duk baƙin mai, suna kankare tsatsa a ƙasan ƙofa. Gishirin da ake watsawa a titi lokacin hunturu don narkar da ƙanƙara shi ne ke cin ƙarfen irin waɗannan motoci, shi ya sa motar take a lulluɓe har sai sanyi ya wuce.

Da farko na ɗauka ɓarnar kuɗi ce. Sai da na zauna da su na gane cewa a gareji ne yaron ke jin labarin mahaifin kakansa, inda ya je da motar, da ranar da ta mace masa a hanyar ɗaurin aure. Motar ce littafin tarihin gidan.

Ƙasar ma ta tallafa musu. An rufe masana'antar MG ta Abingdon a 1980, bayan an ƙera MGB fiye da rabin miliyan tun daga 1962, amma har yau kamfanin British Motor Heritage yana buga sabon bodinta da ainihin kayan aikin da aka yi na farko. Motar da ta haura shekara 40 ba ta biyan harajin hanya. Duk watan Satumba kuma akwai babbar kasuwar tsofaffin kayan mota a Beaulieu, inda mai Triumph Spitfire ko Jaguar E-Type zai yini yana neman fitila guda.

Ranar da na je kasuwar, Panteka ta Kaduna ce ta faɗo min a rai, da Ƙofar Ruwa ta Kano. Mu ma muna da motar da ta shiga jininmu. Tun 1975 ake haɗa Peugeot a Kaduna, kuma 504 ta kai amare, ta kai alhazai filin jirgi, ta yi jigila tsakanin Kano da Maraɗi. A wajen iya gyara kuwa, ban ga wanda ya kai makanikinmu ba. Baturen nan yana da littafin gyara da kayan da za su zo masa har gida, namu kuwa da kunne yake gane ciwon inji, abin da babu a kasuwa ya sa mai walda ya ƙera. Iskarmu ta Arewa ma busasshiya ce, ba ta cin ƙarfe kamar tasu.

Bambancin a niyya yake. Mu muna gyara mota don ta fita nema gobe. Ranar da ta kasa, sai a jingine ta a ƙofar gida, kaji su kwana a ciki, daga baya 'yan gwangwan su auna ta da kilo. Ban zargi kowa ba, wanda ke neman na cefane ba ya ajiye mota don ado. Amma akwai masu hali da yawa da ke adana takobin kaka da alkyabbarsa, su bar fijonsa ta ruɓe.

Idan 504 ɗin mahaifinka tana nan a bayan gida, kada ka sayar wa 'yan gwangwan. Nemi tsohon makaniken da ya san ta tun yana raye, ka tafi da ɗanka ranar da za a buɗe injin.