Gyaran zanen yaro tamkar gyaran allo ne



Mu da muka tashi da allo da tawada mun san yadda ake gyara. Idan yaro ya rubuta harafi a karkace, malam ba ya fasa allon, kuma ba ya cewa madalla alhali bai yi daidai ba. Kama hannunsa yake yi, ya nuna masa inda alƙalami ya kauce, ya ce wanke ka sake. To amma da yaranmu sun kawo littafin zane daga boko, sai mu manta da wannan. Wani uban ya ce “kai, wannan ai shirme ne”, wani ya ce “ya yi kyau” ko kallo bai yi ba. Duka biyun suna kashe wa yaro gwiwa.

Kada mu ɗauki abin wasa. Kafinta da mai walda da tela da magini, kowa da zane yake fara aiki. Hular da muke sayarwa a kasuwa ma sai mai zane ya fitar da ita a kan ƙyalle kafin allura ta hau. Malamanmu kuma ba su hana zanen abin da ba shi da rai ba, kamar gini da itace da kayan aiki. Ga zayyanar allon sauka nan shaida.

Abu uku ake fara ba mai koyo, kuma ko mu da ba mu yi boko mai nisa ba za mu iya dubawa.

Na farko miƙaƙƙen layi ba tare da rula ba. Yawanci za mu ga layin yana rawa, ko an ja shi guntu-guntu kamar tsintsiya. Dalili shi ne yaro yana motsa yatsu da wuyan hannu kawai, yana tsoron kuskure. Sai a ce ya ɗiga ɗigo biyu, ya gwada tafiyar hannun a iska sau biyu ko uku, sannan ya ja sau ɗaya daga kafaɗa. In ya wuce ɗigon, a bar shi haka, kada ya goge, kada ya maimaita a kai. Ƙarfin hannu ake nema tukuna, daidaito yana zuwa daga baya.

Na biyu da'ira mai siffar ƙwai. Bakin bokiti da'ira ne, amma in muka kalle shi daga gefe sai ya matse. Yara kan yi masa tsini a gefe biyu kamar ƙwallon mangwaro, alhali ba shi da tsini ko kaɗan. A ajiye masa bokitin a ƙasa, sannan a ɗaga shi a hankali zuwa saitin idonsa, zai ga bakin yana tsukewa har ya koma layi. A ce ya zagaya fensir sau biyu kafin ya ɗaga hannu.

Na uku shi ne nisa da kusa. A kai yaro inda zai hangi layin dogon da ya ratsa Mushin da Agege. Ƙarafan ba su taɓa haɗuwa ba, amma ido yana ganin sun haɗu a can nesa, daidai tsayin idon mai kallo. In ya zana kwalin taliya, sai mu ɗauki rula da jan biro mu tsawaita layukan da suka nufi ciki. In sun doshi wuri ɗaya, ya dace. In sun watse, shi da kansa zai gani, ba sai an yi faɗa ba.

Wannan ilimi ba baƙonmu ba ne. Ibnul Haisam ya rubuta Kitabul Manazir a Alƙahira wajen shekarar 1011 zuwa 1021, ya bayyana cewa haske ne ke shiga ido daga abin da ake kallo. Bayan kusan shekara 400 masu zanen Italiya suka tsara ƙa'idar zanen nisa. A nan Legas kuma Aina Onabolu, wanda ya rasu a 1963, ya koyar da ita a makarantu har aka laƙaba masa sunan darasin. Ga Kwalejin Fasaha ta Yaba da aka kafa a 1947, mota ɗaya ko biyu ce tsakaninmu da ita, tana yaye masu zane. Me zai hana a samu 'ya'yan unguwarmu da yawa a ciki?

Shawararmu dai ita ce, in yaro ya kawo takardarsa, mu fara faɗin abin da ya yi daidai, mu nuna shi da yatsa. Sannan gyara ɗaya tak, ba goma ba. Mu rubuta kwanan wata mu adana takardar, bayan wata guda a jera ta da sabuwa ya ga ci gabansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma da lallashi, don kada ya karye.

Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya ba su sana'ar da za su riƙe kansu da ita. Amin.