Ƙasar da ba mu rataya a bango ba

Wanda ya taso a Zangon Paraku ko cikin garin Jugu, a arewacin Benin, ya san irin hoton da ke falon gidajenmu. In ba Ka'aba ko masallacin Madina ba, to wani babban hoto ne mai sheƙi da aka sayo a kasuwar Arzeke: ruwa na kwararowa daga tsauni, ciyawa shar, ƙanƙara a can sama, ga ɗan gida mai jan rufi a gefe. Ba wanda ya san sunan wurin, ba kuma mai tambaya. Ado ne, ana share masa ƙura in sallah ta ƙarato.

A nan Munik, kudancin Jamus, inda neman abinci ya kawo ni, zanen ƙasa yana da wani matsayi daban. A gidan adana zane-zane na Lenbachhaus akwai ayyukan wata mata, Gabriele Münter, wadda aka haifa a Balin a 1877. A zamaninta babbar makarantar zane ta gwamnati ba ta ɗaukar mata, sai ta koya a wata ƙaramar makaranta a hannun Wassily Kandinsky, mutumin Rasha. A bazarar 1908 su biyun da abokansu suka tare a Murnau, ƙaramin gari a gindin tsaunukan Alps, nan ne hannunta ya buɗe.

Akwai zanenta na fadamar Murnau, na wannan shekarar, wanda bai fi allon almajiri girma ba, kuma a kan kwali ta yi shi. Tsaunukan shuɗi ne tsantsa, shuɗin da ido bai taɓa gani a jikin dutse ba. Ba ta tsaya ƙirga ganye ko ciyawa ba. Fili guda launi guda, sai 'yan bukkokin ajiye ciyawar dabbobi. In ka matso kana ganin sawun burushi, inda ta ja da sauri, inda kwalin ya leƙo ta ƙasan fenti. In ka ja baya taku huɗu sai ƙasar ta haɗu, har ka ji sanyin wurin. Masu wannan salo ba kamanni suke bi ba, tunda kyamara ta riga ta iya wannan. Abin da ƙasa ta yi wa zuciyarsu suke neman fitarwa, da launi mai ƙarfi da layi kaɗan.

Mutane kan tsaya gaban irin wannan zane shiru, tsofaffi da yaran makaranta. Da yawa kuma daga baya sukan hau jirgin ƙasa, tafiyar kamar awa guda, su je Murnau su ga gidan da Münter ta saya a 1909, su nemi inda ta tsaya ta yi zanen. A ƙarƙashin wannan gidan ne ta ɓoye ayyukan Kandinsky da nata lokacin da gwamnatin Hitila ta ce irin wannan zane ɓatanci ne, har gwamnatin ta bi gidajen adana zane tana kwashewa a 1937. A 1957, da ta cika shekara 80, ta ba birnin Munik kyautar ayyuka sama da 1,000. Ta rasu a Murnau a 1962.

Ba na cikin masu cewa Bature ya fi mu ganin ƙasa. Jugu da Paraku zango ne a kan hanyar goro, wadda ta haɗa Kano da Sakkwato da Salaga ta ƙasar Gwanja, kuma madugun da ya ja ayari ta nan ya san kowane dutse da kowane mashigin rafi, domin rayukan mutane da jakuna na hannunsa. Har yau manomin doya a wajen Jugu zai damƙi ƙasa ya murza ya gaya maka abin da za ta bayar. Matan da ke tsintar kaɗanya sun san kowace bishiya da halinta. Bambancin shi ne mu mun zuba wannan sani a baki, cikin labari da kirari da waƙa, hannu kuma muka ba shi zayyana da ɗinkin babbar riga da adon bangon soro. Ƙasar kanta ba mu zana ta ba.

Wani dattijo a gida ya taɓa ce mini, "Ɗana, ai zane ba namu ba ne." Na ce, "Baba, wanda malamai suka yi magana a kai mai rai ne." Ruwaya ta tabbata cewa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da shi, ya shawarci wani mai sana'ar zane ya koma ga bishiyoyi da abin da ba shi da rai. Wato ƙofar da ta fi kowace buɗewa gare mu ita ce ta zanen ƙasa, amma ita muka cike da tsaunukan wasu.

Kuma masu hannun muna da su. Waɗanda ke zana allon shagon aski da bayan manyan motoci a Paraku sun iya launi mai kaifi da baƙin layi mai kauri. Ita ma Münter a wurin masu zanen bayan gilashi na ƙauyukan Murnau ta ɗauko irin wannan layin, ba ta raina su ba. Abin da masu zanenmu suka rasa shi ne mai sayen da zai ce a zana masa gadar Beteru a kan kogin Weme, ko duwatsun Taneka wajen Kopargo da safiyar hunturu, lokacin da hazo ke mayar da rana fara fat, ko jar hanyar gona bayan ruwan farko. An yi baje kolin fasahar Benin a fadar shugaban ƙasa a Kwatano a 2022, bayan Faransa ta maido da kayan tarihi 26 na Abome, jama'a suka yi cincirindo. Ido na son kallo ke nan; arewa ce har yanzu ba a nuna mata fuskarta ba.

Abin kuma na gaggawa ne. Gawayi na cin itatuwa, gonakin kashu da auduga na shiga inda ɗorawa da kaɗanya suke, dajin da yaro ya sani kan zama fili kafin ya yi aure. 'Yan'uwana 'yan kasuwar Paraku da Jugu, mai gina sabon gida a cikinku ya kira mai zanen unguwarsu, ya biya shi kuɗin kirki, ya ɗauke shi a babur zuwa gonar mahaifinsa, ya bar shi ya zana ta yadda ya ji ta.